Sabuwar FreeBSD a gida: sai an kunna katangar tsaro kafin a jona ta da intanet?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum. Jiya na ɗora FreeBSD, babbar manhajar sarrafa kwamfuta ta dangin Unix, a tsohuwar kwamfutar Yaya. Na soka kebul a rauta, na rubuta ifconfig_em0="DHCP" cikin /etc/rc.conf, ta karɓi lamba 192.168.1.7, na gwada ping ya amsa. Sai Injiniya ya ce in zare kebul ɗin har sai na kunna katangar tsaro, wato firewall, manhajar da ke tace masu shigowa kwamfuta ta intanet. Da gaske wajibi ne?

Malam: Wa alaikumus salam. Ba wajibi ba ne, Auta. Lambar da ta fara da 192.168 ta cikin gida ce, ba a isa gare ta daga waje. Rauta ce ke fita da lamba ɗaya a madadin kowa, abin da ake kira NAT ke nan. Baƙon da ya ƙwanƙwasa ba tare da wani a ciki ya kira shi ba, a bakin zaure zai tsaya. In ma da layin waya kake hawa, galibi kamfanin ya ƙara wani NAT ɗin a samansa.

Injiniya: Malam, da girmanka, wannan maganar ta IPv4 ce kawai, tsohon tsarin lambobin intanet. Idan layin yana ba da sabon tsarin, IPv6, kwamfutar tana iya samun lambarta ta duniya, babu NAT a tsakani. Sai abin da rautar ta tare, kuma ba kowace aka saita daidai ba. Sannan wajen ɗora FreeBSD, sshd, wanda ke ba da damar shiga kwamfutar daga nesa ta hanyar SSH, yana zuwa a zaɓe cikin jerin ayyukan da za su riƙa tashi. Auta, ka cire alamar?

Ɗan Auta: Ban cire ba, Enter kawai na danna na wuce.

Malam: Ko da yana kunne, FreeBSD ba ta barin root, asusun mai cikakken iko, ya shiga ta SSH sai mutum ya canza da hannunsa. Ina tsoron mu razana yaro ne ya koma inda ya fito. Na sha ganin mai koyo ya rubuta pf.conf, fayil ɗin dokokin katangar tsaro ta pf, ba daidai ba, ya toshe kansa, ya kwana yana zargin kebul.

Anti: Malam, ni ma haka nake gani da. Sai na buɗe ƙofa ta 22, wadda SSH ke shiga ta cikinta, a rautarmu don in riƙa leƙa fayil daga wajen aiki, na manta da ita. Ranar da na buɗe /var/log/auth.log, inda ake rubuta yunƙurin shiga kwamfutar, jikina ya yi sanyi: layi bayan layi, ana gwada root, admin, test, daga lambobin da ban sani ba, dare da rana. Ba wanda ya san ni, injuna ne ke bi gida-gida. Kuma kada a manta da cikin gidan: wayoyin yara, talabijin, maƙwabcin da aka ba kalmar sirrin Wi-Fi, duk suna bayan rauta ɗaya da kwamfutar Auta.

Injiniya: Madalla, Anti. Tsutsar Morris ta 1988, muguwar manhaja mai yaɗa kanta, injinan Unix ta kama, ta manhajojin sendmail da finger da kalmomin sirri masu rauni. Kuma pf ba wuya: daga OpenBSD ta fito a 2001, pf_enable="YES" a rc.conf, a toshe mai shigowa, a bar mai fita.

Malam: Abin da ya sami Anti, ita ta buɗe ƙofar da kanta, Auta bai buɗe ba. Maganar na'urorin cikin gida kam na karɓa. Amma zare kebul ban yarda ba, da me zai saukar da gyare-gyaren tsaro? Ya fara da freebsd-update fetch install, sannan sockstat -4 -l da sockstat -6 -l ya ga masu sauraro, wato ayyukan da ke jiran kira daga waje. Abin da ba ya buƙata ya kashe.

Ɗan Auta: Na duba, ga sshd nan a 22. Na tsayar da shi, na mayar da sshd_enable zuwa "NO". Injiniya, in Allah ya kai mu Asabar zan kawo kwamfutar mu rubuta pf.conf ɗin tare.

Injiniya: Allah ya kai mu. Ka duba ifconfig tukuna, ka turo min layin da ya fara da inet6, mai nuna lambar IPv6.