Na samu bak D, ina son aikin bayoteknoloji: ta ina zan kama?

Ƴar Bagalam:
Assalamu alaikum yayyena da malamaina. Bana na samu bak D, kuma raina ya kwanta da ilimin halittu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maraɗi. Aikin labo nake so: binciken ADN (sinadarin gadon halitta), gyaran iri, irin abin da ake kira bayoteknoloji. A gida ana ce mini duk karatun da ba likitanci ba ƙarshensa riƙe alli ne. FST (tsangayar kimiyya da fasaha) ya kamata in shiga ko FASE (tsangayar noma da muhalli)? Me ya kamata hannuna ya iya kafin in gama lisans? Kuma a ina ake ɗaukar masu wannan karatu a ƙasar nan?

Malamin halittu:
Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya sa albarka. Ki fara sanin tsarin. Lisans shekara 3 ce, zango 6, kowane zango kiredi 30, jimla 180. Mastar shekara 2, kiredi 120. A shekarar farko ba za ki taɓa ADN ba. Kimiyyar sinadarai ce, da fizik, da lissafi, da ilimin ƙwayar halitta, kuma sinadarai ne ke kada mafi yawan ƴan bak D da suka zo da tunanin hadda ce kawai. Darussan da bayoteknoloji ta tsaya a kansu huɗu ne: biyoshimi, jenetik, mikrobiyoloji da biyoloji molekiler. Wanda bai fahimci mol da pH da yawan sinadari a ruwa ba, biyoshimi za ta yi masa nauyi.

In ƙananan halittu da ADN ne suka ɗauki hankalinki, FST. In iri ne da ƙwari da ƙasar noma, FASE ta fi kusa da gona kuma ɗalibanta sun fi saurin shiga aikin fili. Duka biyun suna iya kai ki mastar ta gyaran iri. Abu ɗaya kada ki haɗa: aikin labon asibiti hanyarsa daban ce, ta makarantun lafiya irin ENSP, makarantar lafiyar al'umma ta ƙasa, ake binta. Lisans ta ilimin halittu ba ita ce takardar da ake nema a can ba.

Ki kula da maki tun zangon farko. Ranar neman mastar ko tallafin karatu, takardar makin zango shida duka ake dubawa.

Ma'aikacin labo:
Ƙanwata, ni tambayarki ta biyu zan amsa, don nan ake rarrabe masu takarda da masu aiki.

Na farko lissafin sirki: C1V1 = C2V2, C ƙarfin sinadari ne, V kuma yawan ruwan. Barasar goge teburi kashi 70 ake so, wadda ake saye kuwa 96 ce. Sai ki auna mililita 73 ki cika da ruwan da aka tace zuwa 100. Ta 96 tana bushewa kafin ta ratsa jikin bakteriya, shi ya sa ba ta kai ta 70 kisa ba.

Na biyu haɗa abincin shuka ƙwayoyi. Na funfuna, wato PDA, ana iya yinsa daga tushe: dankalin turawa giram 200 a dafa a tace ruwan, sukarin gulukoz giram 20, agar mai daskarar da haɗin giram 15 zuwa 20, a cika lita ɗaya. Sai a saka a otoklab, tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyi, digiri 121, minti 15 zuwa 20. Ƙirgen mintin yana farawa ne bayan zafi ya kai 121, ba daga kunna wuta ba. In ba a bar iskar ciki ta fita da tururin farko ba, allura za ta nuna matsi ya cika alhali zafin bai kai ba, kwana biyu ki tarar da faranti duk ya yi tsiro. Kada a ɗaure murfin kwalba tamau, kada a cika ta fiye da kashi biyu cikin uku. Ana zubawa in ya huce zuwa wajen digiri 50, kimanin mililita 20 a kowane farantin Petri, kusa da harshen wuta. In kin zuba da zafi sosai murfi zai yi gumi, gumin ya ɗiga ya cakuɗa tsiron. Don haka ma ake kife faranti a cikin na'urar ɗumi.

Kullum ki bar faranti ɗaya da ba ki shuka komai a kai ba. In shi ma ya tsira, aikin duka ya ɓaci, ba a rubuta sakamakonsa. A nan Maraɗi ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gaba: a rufe taga, a kashe fanka, a bar surutu a kan faranti. Da bazara kuma ɗaki yana haura digiri 40, funfuna kuwa 25 zuwa 28 take so, sai ta ƙi tsira ki zaci samfurin ne ba shi da komai.

Na uku ƙirga. Mililita 1 cikin 9 sirki ɗaya ke nan, a yi ta maimaitawa, ana canza bakin pipet kowane mataki. Farantin da ke da tsiro 30 zuwa 300 ake ƙirgawa. In kin shuka 0,1 daga sirki na huɗu kika samu tsiro 85, lissafin 85 sau 10 000 sau 10 ne, wato miliyan 8,5 a mililita. Da yawa suna mance wannan sau 10 na ƙarshe.

Na huɗu rinin Gram, mai raba bakteriya gida biyu ta launi: shuɗin rini minti ɗaya, Lugol minti ɗaya, barasa daƙiƙa 10 zuwa 20, sannan jan rini. Barasar ce tarko. In ta daɗe, komai zai fito ja ki kira mai Gram tabbatacce da sunan da ba nasa ba.

PCR kuwa, wato hanyar ninka ADN, ki haddace dalilinta tun kafin ki ga na'urar: digiri 94 zuwa 95 igiyoyin ADN su rabu, 50 zuwa 60 gajerun guntayen farawa su manne, 72 anzim ya gina, a zagaya sau 30 zuwa 35. Kayan haɗinta a sanyin ƙasa da sifiri da digiri 20 suke zama. In wuta ta ɗauke suka narke suka sake daskarewa sau da yawa, ƙarfinsu raguwa yake, jel ɗin da ake duba sakamako a kai ya fito fayau.

Injiniyan gona, Tarna:
Kada ki ɗauka sai an yanka ADN ne ake bayoteknoloji. Cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna tana bakin ƙofarki, kuma an san ta da aikin yaƙi da murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi. Ana kiwon wani ɗan ƙwaro mai kama da zanzaro, Habrobracon hebetor, a kan tsutsar Corcyra. A ƙaramin buhun algarara ake zuba tsabar hatsi da gari, tsutsa 25 da mata biyu da suka riga suka haɗu da namiji, a kai ƙauye lokacin da hatsi ya fara fidda kai. Ƴaƴan suna fita ta ramukan buhun su bi murzuna. In an makara tsutsa ta riga ta sauka ƙasa, wahalar banza ce. In tururuwa ta samu buhun, ta cinye. Duk wannan ilimin halittu ne da ake amfani da shi.

Ta fannin wake ma ki karanta labarin SAMPEA 20-T, irin da Najeriya ta saki a 2019 daga cibiyar IAR ta Zariya, wanda aka saka masa ƙwayar gado ta bakteriyar Bt don ya jure tsutsar Maruka. Ki san yadda yake aiki, ki kuma san hujjar masu adawa da shi, don duk inda kika ce bayoteknoloji kike karantawa za a tare ki da wannan muhawara.

Sitaj kuma ba a jira L3, shekarar ƙarshe ta lisans. Tun hutun L1 ki rubuta takardar neman sitaj zuwa ga shugaban cibiya, ki haɗa da shaidar rajista da takardar maki, in da hali da wasiƙar malami. Ki kai wata biyu kafin damina, don lokacin ne ake buƙatar hannuwa. Ki faɗi labon da kike so ƙarara. Wanke kwalabe za a fara ba ki. Ki wanke, kina tambayar me aka zuba a ciki.

Yaya daga Yamai:
Malam da injiniya sun faɗi gaskiya, amma a gaya wa yarinya ɗacin ma. Guraben ba su da yawa, kuma lisans kaɗai da wuya ta ba ki kujerar bincike. Wuraren da ake irin wannan aiki sanannu ne: INRAN, ICRISAT mai binciken amfanin gona a Sadore, CERMES mai binciken cututtuka, LABOCEL mai yin allurar rigakafin dabbobi, LANSPEX mai gwajin ingancin magani da abinci, sai jami'o'i. Mafi yawansu a Yamai ko kusa da ita suke. Ki shirya mastar tun yanzu, ki shirya ma gida cewa tafiya tana iya kamawa.

Ƙofar da ɗalibai ke rainawa ita ce duba ingancin abinci. Ƙasar gujiya muke, kuma funfunar Aspergillus flavus tana zuba dafin aflatoksin a gujiyar da ba ta bushe da kyau ba. Tarayyar Turai ba ta karɓar gujiyar ci da dafinta ya wuce mikrogiram 4 a kilo. Wanda ya iya ɗibar samfur da auna wannan dafi yana da abin sayarwa. Ɗibar ce ma ta fi wuya, don dafin ba ya bazuwa daidai: ƴan ƙwayoyi kaɗan ne ke ɗauke da shi, sai a ɗebo daga wurare da yawa na buhuna a niƙe tare.

Sai Ingilishi. Kusan duk rubutun binciken da za ki karanta da shi aka yi shi, kuma shi ne mabuɗin Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta jami'ar Bayero a Kano, da WACCI ta Gana mai horar da masu gyaran iri. In kin fi son ɓangaren Faransanci, akwai CERAAS a Thiès ta Senegal.

Ƴar Bagalam:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Kafin a buɗe jami'a akwai abin da zan iya gwadawa a gida? Ina da tsohuwar kwamfutar yayana.

Ma'aikacin labo:
Akwai, amma kada ki shuka yawu ko dattin hannu ko ruwan kwata a gida. Ba ki san abin da zai tsira ba, kuma ba ki da otoklab ɗin kashe shi.

Ki ciro ADN daga ayaba. Ki dama rabin ayaba da ruwa mililita 100, gishiri rabin ƙaramin cokali, sabulun ruwa ƙaramin cokali ɗaya, ki juya a hankali kada ya yi kumfa. Bayan minti 10 ki tace da tsumma mai tsabta. Ki zuba barasar kantin magani mai ƙarfi da ta kwana cikin sanyi, daidai yawan ruwan, tana bin jikin kofi. Farin zare zai taso a tsakaninsu. Sabulu ne ya fasa fatar ƙwayoyin, gishiri ya sa ADN ya dunƙule, barasa kuma ba ya narkewa a cikinta. In barasar ba ta yi sanyi ba ko kin girgiza kofin, kaɗan za ki gani.

Yaya daga Yamai:
Kwamfutar ta isa. Ki sauke R, manhajar lissafin alƙaluma, kyauta ne, ki koyi shigar da tebur da fidda matsakaici da zana hoto. Sannan ki shiga NCBI, rumbun jerin ADN na intanet, ki nemo jerin ƙwayar gado ɗaya ta wake, Vigna unguiculata, ki manna shi a BLAST, manhajar shafin mai kwatanta jeri da jeri. Ki duba kason kamanni da kason tsawon da ya dace, duka biyun. Kamanni kashi 100 a kan ɗan guntun jeri bai isa a ce halitta ɗaya ce ba.