Injin ba da wuta da na haɗa yana yankewa da na ƙara murya

Assalamu alaikum masana. Kwana huɗu ke nan wannan abu ya hana ni sakat.

Na haɗa injin ba da wuta na kan tebur don gwada amfilifaya. Taransifoma 18-0-18 ce (wato mai bolt 18 a kowane ɓangare) mai amfiya 3, da diyod huɗu, da kafasita 4700uF a kowane ɓangare, sai na'urorin daidaita bolt guda biyu, LM317 a fosatib, LM337 a negatib. Bayan kafasita ina samun kusan bolt 25, na saita fitarwa a 14 domin TDA2030 guda biyu, wato na'urorin ƙara sauti na amfilifayar.

In babu kaya, mita na nuna 14 cif. Amma da na jona sifika mai om 4 na ɗaga murya, ba a minti 3 sai fosatib ya sauko 9, sauti ya shaƙe, sifika ta kama gurnani. LM317 ɗin kuwa ko yatsa ba ya taɓuwa, har tabon ƙuna ya bar min. In ya huce sai ya dawo daidai.

Na canza LM317 ɗin sau biyu, na ƙara girman farantin alminiyam mai ɗebe masa zafi, na sa man shan zafi da mika (siririn fallen da ke hana wuta wucewa) don kada bayan LM317 da na LM337 su haɗu. Na gwada da wutar gari da ta janareta, duk kanwar ja ce. Fanka ma minti 2 kawai ta ƙara min.

Zargina bolt 11 ɗin da LM317 yake haɗiyewa ne (daga 25 zuwa 14), ga shi iyakarsa amfiya 1.5.

Shin transista irin TIP2955 zan ƙara masa ta ɗauke nauyin, ko taransifomar ce ta yi yawa in koma 15-0-15?