Ali ko Taisin: wa zai kwanta, a turmi na nawa?

Mai Shayin Obalende:
Salamu alaikum jama'a. Jiya da daddare musu ya kaure a teburina tsakanin 'yan canji da wani direban tanka daga Apapa, wai da za a dawo da Muhammadu Ali yana ganiyarsa a haɗa shi da Mayik Taisin na 1988 wa zai kashe wani, har ƙarfe ɗaya ba a daidaita ba kowa ya tashi da nasa. Shi ne na kawo maganar nan, amma da waƙa za a amsa, amsa-amo "wa". Ni dai na Taisin ne ba na ɓoyewa.

Ku ba ni Taisin yana ɗan ashirin,
Ran da ya ɗau kambu yai gaban kowa.

Babik ya sha hannu a turmi na biyu,
Naushi guda, sau uku yana faɗuwa.

Sifinks ya zo ba a taɓa cin sa ba,
Daƙiƙa 91 ya yi, sai kwantawa.

Gajere ne, wuya kamar turmin daka,
Yana sunkuye, hannu kamar tsawa.

Ali na son fili ya zaga ya zille,
In an toshe kwana, ina wajen rawa?

Dattijon Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Ɗana mai shayi ka yi ƙoƙari, amma Babik ɗin da kake kirari da shi ai Ali ɗan shekara 39 ya samu a 1981, ciwo ya riga ya fara cin sa. Ni da kunnena na ji damben Kinshasa a 1974, wajen ƙarfe huɗu na asuba muna zagaye da rediyo guda mu fi goma, ba wanda ya runtsa. Zauna ka ji.

Yaro ka ce Taisin yana da hannu,
Foman fa? Tambayi masu gani da idanu,
Fireza ya sha shi, ba a yi sannu-sannu,
Sau shida ƙasa, kamar ana ka da shanu,
Turmi biyu aka ce a bar karawa.

Shi Foman ɗin aka kai wa Ali Kinshasa,
Kowa na cewa yau Ali zai sha ƙasa,
Ya jingina da igiya, ya kare fuskarsa,
Yana raɗa masa magana a kunnensa,
Ya bar shi yai ta duka har gajiyawa.

Turmi na takwas ya saki igiya,
Hagu ta shiga, dama ta biyo baya,
Foman ya juya kamar an sare bishiya,
Alƙali ya ƙirga goma gaban duniya,
Kafin giwa ta gama miƙewa.

Kuma ka sani wannan Ali ɗan shekara 32 ne, bayan an ƙwace masa kambu a 1967 an hana shi dambe shekara uku da rabi saboda ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam. Ƙafar ta rage, kan ne ya yi aikin. Mutumin da ya taka Legas ɗin nan a 1964 bayan ya ƙwace kambu daga hannun Soni Listin, Allah ya jiƙansa.

Ɗan Agege:
Amin Baba, Allah ya ƙara girma, amma ku yi haƙuri ni duka biyun ƙanana nake ganinsu in aka ajiye su kusa da na yanzu wallahi.

Ali kilo 98 ya hau sikeli a Kinshasa,
Fiyuri ya haura 120, ga tsayin giwa.

Joshuwa namu, jinin Shagamu ne,
A Wembili ya faɗi, ya yi farfaɗowa.

Kilishko ya ɗauka an gama da yaro,
Turmi na sha ɗaya shi aka tsayar wa.

Zamani ya canza, abinci ya canza,
Ƙato ya fi ƙarami, ba ja-in-ja kowa.

Mahaucin Oko-Oba:
Ɗan Agege, nauyi ai aikina ne, kullum hannuna kan sikeli yake tun asuba, kuma gidanmu gidan dambe ne tun kakanni, mun sha ganin siririn yaro ya ɗaure zare ya kashe ƙato a turmin farko.

In kilo ne ke yin kisa a fage,
Da bijimi ya hana mahauci yankawa.

Usik daga ajin ƙasa ya hauro,
Joshuwa sau biyu, bai iya ramawa.

Ya je Riyad ya tarar da Fiyuri,
Sau biyu shi ma, ƙaton bai tsira ba kuwa.

Ruwiz gajere mai tumbi a Niyok,
Sau huɗu ya sa Joshuwa durƙusawa.

Ina son Joshuwa, ɗan gida ne, ran da Dubuwa ya kwantar da shi a 2024 ban iya cin abinci ba, amma gaskiya ɗaya ce. Ni tambayata ga mai shayi ita ce turmi nawa za a yi? Don zamanin Ali 15 ake yi, sai a shekarun 1980 aka mayar 12 bayan wani ɗan Koriya ya rasa ransa, kuma a waɗannan ukun na ƙarshe ake gane wanda ke da zuciya. Ali da Fireza sun yi 14 cikin zafin Manila a 1975 kamar za su mutu, sai da kocin Fireza ya hana shi fitowa na ƙarshe.

Taisin a Tokiyo da Daglas ya ka da shi,
Robar baki yake lalube, ba miƙewa.

Holifil ya ƙi tsoro, ya tsaya masa,
Da wuya tai wuya, kunne ya koma cizawa.

Hajiyar Mile 12:
Ku yi ta Ali da Taisin, mahaifina kuwa sunan mutum ɗaya yake kira.

Jo Luwis sau 25 ya kare kambu,
Kusan shekara 12 ba mai ƙwacewa.

Dattijon Idi-Araba:
Hajiya kin yi gaskiya, wannan sai an ware masa rana tasa daban.

Mai Shayin Obalende:
Baba na ji, mahauci ma na ji, kunnen Holifil kam abin kunya ne ba zan kare shi ba. Amma ku yi min adalci, na ce Taisin na 1988 ba na Tokiyo ba. Tsohon da ya ɗauko shi yana yaro ya raine shi, Kos Damato, ya rasu tun 1985, kocin da ya gaje shi an sallame shi, waɗanda suka raka shi Tokiyo ko ƙarfen danne kumburi ba su zo da shi ba, safar hannu suka cika da ruwan ƙanƙara suna manna masa a ido, wannan ai maraya ne a fage. Kuma akwai abin da duk kuka tsallake.

Ali yana da ƙofa, kuma ta hagu ce,
Kufa na Ingila ya gano ta da daɗewa.

A 1963 ya zaunar da shi dirshan,
Ƙararrawa ce ta zo da cetowa.

Fireza ma da hagun ya same shi,
Turmi na 15, ƙafa sama, sai faɗuwa.

To hagun nan ita ce abincin Taisin,
Wa zai hana ta sauka a kan haɓa kuwa?

Dattijon Idi-Araba:
Yanzu ka yi magana, ɗana. Hagun za ta sauka, ban musa ba.

Kufa ya ka da shi, ka faɗi gaskiya,
Turmi na gaba Ali ya gama shari'a,
Notin ya karya masa muƙamuƙi, ya sha wuya,
Ya kai turmi 12 a tsaye bai juya baya,
Faɗuwa ba ta hana Ali tasowa.

Taisin wuta ce ta kara, tana da ƙuna,
Turmi biyar na farko nasa ne, na amince ɗana,
Ali zai riƙe wuyansa, ya sa shi fushi da magana,
Ya sa hagu mai tsawo tana auna idanuna,
Na goma zuwa sha ɗaya za a yi rabuwa.

Mai Shayin Obalende:
Idanunsa dai Baba, amsa-amo ya ja ka. Na karɓi biyar ɗin da ka ba ni, a cikinsu nake sa ran aikin zai ƙare, in ya wuce na shida kuwa ni ma gabana zai fara faɗuwa. Direban tankan nan zai dawo daren Juma'a in sha Allahu, shi gwaninsa Lenos Luwis ne, ɗan damben Ingila, zan karanta masa baitocinku in rubuto abin da ya ce.