Aiki aiki ne? Gardamar 'yan gida kan komawar Auta Tawa

Yaya Babba: Assalamu alaikum 'yan gida. Tun jiya ake kirana ɗaya bayan ɗaya kan maganar Auta, to gara a yi ta gaban kowa. Ga wanda bai ji ba: Auta ya miƙa takardar ajiye aiki a kamfanin da yake riƙe wa lissafi nan Yamai shekara 6. Zai koma Tawa ya kama lissafin wata ƙungiyar manoman albasa, kuma albashin can bai kai biyu cikin uku na wanda yake karɓa ba. Kawu ya ce yana da magana. Bismillah Kawu.

Kawu: Wa alaikumus salam. Maganata ba ta da tsawo. Aiki aiki ne. Abin da ke kai mutum ma'aikata shi ne albashi, sauran duk ado ne. An ce mini wai yaron nan "halin wurin" ne bai yi masa ba. Shekara 18 na yi ina tafiya biɗa Abijan, daga dako a kasuwar Ajame har na kafa tebur nawa. Ban taɓa jin wani ɗan Adar ya dawo gida don maigidansa ya ɗaga masa murya ba. Mun sha zagi da yaren da ba mu ji, muka haɗiye, da kuɗin nan aka yi rufin ɗakin da aka haife ku ciki. Yau yara da takardun jami'a suna yawo buro buro ba mai kallonsu, kai kuma ka saki reshe ka kama ganye.

Auta: Allah ya ƙara maka lafiya Kawu. Ban manta da wahalar da kuka sha ba, kuma da tsawa ce kaɗai da ban motsa ba. Shekara 6 ina jin ta. An sha kirana ƙarfe 11 na dare kan abin da zai iya kwana, an sha cin mutuncin mutum gaban na ƙasa da shi a wurin taro, duk na shanye. Abin da ya fitar da ni daban ne, kuma laifina ne da ban faɗa muku ba tun farko.

A kowace takardar albashi ana cire wa ma'aikaci kashi 5,25 cikin ɗari na CNSS, asusun ma'aikata na ƙasa, don kuɗin ritayarsa. Ni nake buga takardun, ni nake sa hannu. Amma jerin sunayen da ake kai wa asusun ba shi ne jerin waɗanda ake cire wa ba. Na buro suna ciki. Masu gadi, direbobi da masu shara ba su ciki. Bara wani dattijo da ya yi mana gadi shekara 11 ya cika 60, ya je neman haƙƙinsa, aka ce masa ba a san da shi ba, ko lamba ba ya da ita. Ya zo burona da takardunsa a cikin leda, ya jera su kan tebur wata bayan wata, ko ɗaya bai yar ba. Bai yi faɗa ba. Yatsa kawai ya ɗora kan sa hannuna ya ce, ɗana, ba kai ne wannan ba? Kawu, tun ranar ban ƙara barci mai daɗi ba. Mutumin nan albashinsa bai wuce mafi ƙarancin da doka ta yanka ba, wanda sai a farkon 2024 ya kai jikka 42. A cikin wannan ake yankar masa.

Ɗan Goggo: Innalillahi. Wannan kam ba daɗin ji. Amma bari in yi magana a matsayin mai yaran shago huɗu a kasuwar Katako, don ku ma'aikatan buro kuna ganin duk maigida azzalumi ne. Kason da maigida ke zubawa a asusun nan ya haura kashi 16 cikin ɗari na albashi. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, kuɗin mota ya tashi, kaya su yi makonni a hanya. Ni ban rubuta yarana ba, ban kuma ɓoye ba, yawancin kasuwar nan haka take. Sai dai ban taɓa cire wa yaro ko dala da sunan zan ajiye masa ba. Wanda ya cire ya sa aljihu, wannan sata ce, ba ta da wani suna.

Inda ban yarda da kai ba Auta shi ne tafiyar. Ka tafi, gobe su ɗauko wani yaro mai jin yunwa ya ci gaba da bugawa. Masu gadin me suka samu? Kai ka wanke hannunka, su suna nan. Akwai sufeton aiki a garin nan, me ya hana?

Auta: Sau biyu na kai wa shugabannin kamfanin maganar, na biyun a rubuce. Amsar da na samu ita ce aka daina kirana taro, aka ba wani makullin akwatin takardu, amma sa hannun ƙarshen wata aka bar mini shi. Dattijon kuwa ni na nuna masa ofishin sufeton aiki, na faɗa masa ya riƙe takardunsa da kyau don su ne shaidarsa, kuma na ce in an kira ni zan faɗi abin da na sani. Maganar tana can. Amma ba zan iya yi masa shaida da safe in koma in buga irin takardar da yamma ba.

Ɗan Goggo: To wannan ban sani ba. Duk da haka da ka daure har a gama shari'ar, kana ciki ka fi amfani.

Yaya Babba: Ni tawa damuwar ba ta Kawu ba ce, ba kuma ta Ɗan Goggo ba. Kun san inda na yi aiki, a wani shirin agaji. Wuri ne da ko mai shara ake kira da sunansa a gaishe shi. Albashi ba ya wuce ranarsa. Da na haihu makonni 14 ɗin da doka ta ba mace na same su cif, ba wanda ya kira ni ko sau ɗaya. Na ɗauka nan zan tsufa. Da Amurka ta yanke kuɗin agaji a 2025, takarda guda aka raba mana, shirin ya rufe. Shi ya sa nake ce wa Kawu albashi mai kauri ma ba gado ba ne. Waɗanda suka yi aiki a Cominak, kamfanin haƙar uranium da ke Akuta, sun fi mu albashi nesa ba kusa ba, amma a watan Maris na 2021 ma'adinin ya rufe. Ba wurin da ke da tabbas, mai daɗin ma haka.

Abin da nake tsoro shi ne, Auta ya gudu daga abin da ya gani zuwa abin da bai gani ba tukuna. Ƙungiyar manoma a garinku ba aljanna ba ce. Kowa ya san yadda albasar Galmi take: lokacin girbi ta cika kasuwa farashi ya faɗi, wanda ya iya ajiye ta a rudu, wato rumbun albasa, 'yan watanni shi ke cin riba, in ba ta ruɓe ba. To wa za a ba bashi ya jira, buhun wa za a fara lodawa motar Gana, duk ta teburin mai lissafi za su bi. A Yamai wanda ke matsa maka baƙo ne, kana iya kallon idonsa. A Tawa abokin marigayi Baba ne zai zo, wanda ya ci goron sunanka. Shi za ka ce wa a'a? Ka bincika kuwa, ko don gida ne kawai ranka ya kwanta?

Auta: Yaya, wannan tambayar ita ce ta hana ni amsa musu har wata biyu. Da na je, ban tsaya kan shugabansu ba, don a Yamai ma da kalamai masu daɗi aka ɗauke ni. Na zauna da mai tsaron sito da direbansu, na tambaye su yaushe aka biya su na ƙarshe, kuma in mutum ya yi kuskure yaya ake gaya masa. Na ce a nuna mini littafin kuɗi, aka ɗauko ba gardama. Kuɗi ba sa fita sai da sa hannun mutum biyu, kuma kowace shekara ana karanta lissafin da Hausa gaban manoma. Mai tsaron siton ya nuna mini lambarsa ta CNSS. Akwai aibi, ba zan ɓoye ba: da damina albashi kan yi jinkiri, da hannu ake rubuta komai, kuma na ga bashin da aka ba wasu manya wanda ya daɗe bai dawo ba. Na tambaya a kai, wani dattijo ya ɓata rai, amma an ba ni amsa, ba a kore ni daga ɗakin ba. Abin da na je gani ke nan.

Malam: Allah ya yi muku albarka. Ina bin maganar tun farko. Kawu yana da gaskiya a wuri guda: ciyar da iyali wajibi ne, kuma ba kowane ɓacin rai ne ke halatta wa mutum ya jefa waɗanda ke wuyansa cikin ƙunci ba. Na ga matasa da ke kiran lalaci da sunan kare mutunci. Amma wannan ba irinta ba ce. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma sura guda aka buɗe da narkon azaba ga masu tauye mudu. Sa hannu shaida ce. Mai sa hannu kan abin da ya san ƙarya ne, maigidansa ba zai ɗaukar masa nauyin ba. Auta, nasihata gare ka ita ce ka nemi gafara kan shekarun da ka yi shiru bayan ka gane, kuma kada tafiya Tawa ta sa ka manta alkawarin da ka yi wa dattijon nan.

Auta: Na ji Malam. Na gane abin tun shekara ta uku, na yi ta ce wa kaina ba ruwana. Ba ni da uzuri.

Kawu: Maganar mai gadi ba a gaya mini ba, da ban fara da zafi haka ba. Cin haƙƙin talaka ban goyi baya ba. Amma ku raba mini biyu. Sata daban, "halin wuri" daban. Tsawa da kiran dare ba su kashe kowa ba, kuma ba na so yaran gidan nan su ji wannan su ɗauka duk wanda aka harara sai ya ajiye aiki. Sannan har yanzu ina nan kan cewa da ka nemi wani aikin mai albashi daidai kafin ka fita. Yaran marigayi yayanku uku kai ke biya musu makaranta. Oktoba na tafe. Wa zai biya?

Auta: Kawu, a nan ne kaɗai zan roƙi ka bar ni in saɓa maka. Ni ma da raba su nake yi, har na zauna na duba. Ranar da aka zagi direba gaban mutum 20 ba wanda ya ɗaga kai, har da ni. To waɗannan mutanen da suka koyi sunkuyar da kai, su ne za su buɗe baki ranar da aka taɓa kuɗin mai gadi? Tsawar ce ta share wa satar hanya. Wurin da ba a iya cewa "ranka ya daɗe, wannan ba daidai ba ne" kan ƙaramin abu, ba za a iya kan babba ba. Na nemi aiki a Yamai wata bakwai ban samu ba. Maganar yara kuwa na yi lissafi: kuɗin hayar da nake biya a nan zai ɗauke biyu. Na ukun ne ban san yadda zan yi ba, kuma shi ya sa na kasa kiranka.

Inna (ta yi magana, jikarta ta rubuta): Na ji duk abin da kuka ce. Ni ban san takardu ba. Ku gaya wa Auta ɗakinsa na nan, an share. Kuma ina tambaya, tsohon nan mai gadi yana da mai ciyar da shi yanzu? In babu, a sa masa wani abu kafin a gama shari'ar.

Yaya Babba: Inna, zan bincika gobe in sha Allah. Maganar yaro na ukun kuma, ni ba ni da albashi yanzu, amma littattafai da kayan makarantarsa ku bar mini.

Ɗan Goggo: Kuɗin makarantar ni zan ɗauka bana. Bana kawai na ce. Kuma har yanzu ina ganin da ka tsaya a gama.

Kawu: Ni ban sauka daga tawa ba, sai na ga an biya ka wata uku a jere da damina. Kafin ka bar wurin ka karɓi takardar shaidar aikinka a hannu, kada ka yarda da a ce za a aiko. Ka kuma je asusun da kanka ka duba ko naka kuɗin sun shiga. Wace rana za ka taso, kuma motar safe ce ko ta dare? In ta safe ce ka tsaya Ƙonni ka karɓo mini saƙo.