Na zaɓi Tarihi a babbar sakandare, amma makin farko ya kashe min jiki

Ɗaliba Mai Tambaya:

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka riga ni. A ƙaramar sakandare ba wanda yake kama ƙafata a Tarihi, shi ya sa da muka shiga babbar sakandare na sa shi cikin manyan darussana ba tare da dogon tunani ba. To, makon jiya aka dawo mana da aikin farko. Tambayar ita ce: har zuwa wane mataki za a ɗora wa Jamus alhakin ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya? Na cika shafi huɗu. Na kawo kisan Franz Ferdinand, yarima mai jiran gadon Ostiriya-Hungari, a Sarajevo ran 28 ga Yunin 1914, na jero wanda ya shelanta yaƙi a kan wa, rana bayan rana, ban kuskure ko ɗaya ba. Makin da na samu ko rabi bai kai ba. A ƙasa malamin ya rubuta da jan biro: "Kin ba da labari, ba ki amsa tambaya ba." Babana ya ce in koma wani darasin tun wuri bai ƙure ba. Ni kuma ina son abin, amma ban gane inda na yi laifi ba.

Tsohon Malamin Tarihi:

Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminki ya yi miki adalci, ko da yake da zafi. Koma ki dubi tambayar. Ba a ce ki faɗi abin da ya faru ba, hukunci aka nema a wurinki. Kamata ya yi layinki na farko ya faɗi matsayinki, misali cewa Jamus ce ke da kaso mafi girma amma ba ita kaɗai ba. Daga nan ranakun da kika haddace su zama shaidu. A farkon Yuli Jamus ta ba Ostiriya-Hungari tabbacin goyon baya ba sharaɗi, wannan hujja ce a kanta. Amma Ostiriya ce ta miƙa wa Sabiya wa'adin 23 ga Yuli, ta shelanta yaƙi ran 28, Rasha kuma ta ba da umarnin tara dukkan sojojinta ran 30, kafin Jamus ta shelanta mata yaƙi ran 1 ga Agusta. Kin ga ranakun nan dai ne kika rubuta, sai dai yanzu suna aiki.

Akwai wani abu kuma. Su kansu masana ba su daidaita ba. Sashe na 231 na yarjejeniyar Versailles ta 1919 ya ɗora wa Jamus da ƙawayenta alhakin hasarar yaƙin. Daga baya ra'ayi ya karkata ga cewa duk manyan ƙasashen ne suka zurma tare. A 1961 wani Bajamushe, Fritz Fischer, ya tono takardun gwamnatin ƙasarsa ya ce a'a, shugabannin Jamus sun san abin da suke yi, aka yi ta cacar baki a kai shekara da shekaru. Ɗalibin da ya san wannan saɓanin ya kuma zaɓi ɓangare da dalili, shi ke kwashe maki.

Na sha faɗa wa ɗalibaina cewa wannan ba sabon abu ba ne. Tun 1377 Ibn Khaldun ya ƙi yarda da adadin mayaƙa 600,000 da masanin tarihi Al-Mas'udi ya ruwaito na Bani Isra'ila, ya ce a auna shi da hankali: Farisa da duk girman daularta 120,000 ta tara a yaƙin Ƙadisiyya da ta gwabza da Musulmi. Irin wannan tambayar ake so ki riƙa yi wa kowace takarda: wa ya rubuta, yaushe, me yake so a yarda da shi?

Yayar Wasu:

Ƙanwata, ni ma haka na fara, har kuka na yi. Abin da ya cece ni: kafin in rubuta komai sai in amsa tambayar da jimla ɗaya a gefen takarda. In ta ƙi fitowa a jimla ɗaya, na san ban shirya ba. Yanzu shari'a nake karanta a jami'a, kuma wallahi aikin ɗaya ne, a karanta shaidu masu karo da juna a fitar da matsaya. Ki nuna wa Baba wannan, wataƙila ya sassauta.

Mai Faɗin Gaskiya:

Ku daina yi mata daɗin baki kawai. Darasin nan yana cin lokaci. Karatu ne tuli, ga rubutu a ɗakin jarrabawa hannu na ciwo agogo na gudu. Ni a zango na biyu na ajiye shi, ban kuma yi nadama ba. In labarin yaƙi ne yake burge ki, za ki iya karanta shi a gida ba maki a kanki. In kuwa gardamar ce take miki daɗi, to zauna.

Ɗaliba Mai Tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Malam, na sake rubuta sakin layi na farko kamar yadda ka nuna, sai na tarar da shafi huɗun nan rabinsu ba su da wurin zama. Na ce wa Baba ya ba ni zuwa aiki na biyu, ya yarda. Amma ina da wata tambayar: in na ɗora wa Jamus kaso mafi girma, shigar Birtaniya yaƙin ran 4 ga Agusta saboda Jamus ta kutsa cikin Beljiyam hujja ce a gare ni ko a kaina?