Ta yaya kulob ke biyan kwatabak ɗaya dala miliyan 60 kuma bai karya dokar albashi ba?

Ɗan Wunti:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masu bin ƙwallon Amurka, wato gasar NFL. A gidan kallo nan Bauchi gardama ta ƙi ƙarewa a kan kwantiragin Dak Prescott, kwatabak, wato ɗan wasan da ke jefa ƙwallo yana jagorantar hari. Dallas Cowboys ta ba shi dala miliyan 240 na shekara 4 a watan Satumban 2024, miliyan 60 ke nan a shekara. A kakar 2024 iyakar albashin da aka yarda kowane kulob ya kashe ita ce miliyan 255.4, 'yan wasa kuma 53 ne. Mutum ɗaya ya kwashe kusan kwata, sauran 52 su ci me? Wasu na cewa dokar ta baki ce kawai, mai kuɗi ya san yadda zai bi ta bayan gida. Don Allah masana a warware mana.

Mai Lissafi:

Wa alaikumus salam, Malam. Dokar ba ta baki ba ce. Abin da ke ruɗa mutane shi ne littafi biyu ake riƙewa: kuɗin da ya shiga asusun ɗan wasa, da kuɗin da aka rubuta wa kulob a lissafin iyakar albashi. Duk dalar da aka biya sai ta shiga littafi na biyu, amma ba lallai a shekarar da aka biya ta ba. Miliyan 60 ɗin da ake yayatawa matsakaici ne kawai, don kanun labarai.

Ga misali da lambobi masu sauƙi. A ce kwantiragi na shekara 5, miliyan 250. A ciki an ware miliyan 75 a matsayin kuɗin sa hannu. Ɗan wasa zai karɓi wannan kuɗin tun da wuri, amma a littafi raba shi ake yi daidai kan shekarun kwantiragin, iyakarsa shekara 5. Miliyan 15 ke nan duk shekara. Sai a sa albashin shekarar farko ya zama miliyan 5. Mutumin ya tafi gida da miliyan 80, littafi ya nuna 20. Manyan albashin an tura su shekara ta 3, ta 4 da ta 5.

To, idan shekara ta 3 ta zo albashinsa miliyan 40 kuma wuri ya ƙure, sai a sake fasali. A ɗebi miliyan 36 daga albashin a mayar da shi kuɗin sa hannu, a ba shi nan take. Saura shekara 3 a kwantiragin, don haka 12, 12, 12. Kulob ya samu sararin miliyan 24 a bana, ya ƙara wa kowace daga cikin shekaru biyu masu zuwa 12. Ɗan wasa ba ya ƙi, tunda ko sisi bai rage ba, sai ma samun kuɗinsa da wuri.

Akwai kuma shekarun bogi. A liƙa wa kwantiragin shekara biyu waɗanda kowa ya san ba za a buga su ba, don kawai a raba 36 ɗin gida 5, ya koma 7.2 duk shekara. Ranar da kwantiragin ya mutu, miliyan 14.4 na shekarun bogin zai faɗo gaba ɗaya. Haka Tampa Bay ta ɗauki kusan miliyan 35 a 2023 a kan kwatabak ɗinta Tom Brady alhali ya riga ya yi ritaya.

Masu kallon Firimiya sun san wannan dabarar. Ita ce Chelsea ta yi lokacin da ta riƙa ba 'yan wasa kwantiragin shekara 8 don a baje kuɗin sayensu, har UEFA ta taƙaita abin zuwa shekara 5 a 2023.

Baban Yelwa:

Mai Lissafi ya yi bayanin shiga, bari in faɗi fita, don a nan ake kuka.

Idan ka sallami ɗan wasa ko ka yi musayarsa, duk abin da ya rage na kuɗin sa hannun da ba a rubuta ba yana tarowa ya faɗo maka a shekara ɗaya, tare da duk albashin da aka yi masa garanti. Shi ake kira mataccen kuɗi. A misalin da ya bayar, ka kori mutumin bayan shekara 2, miliyan 45 ya hau kanka kan wanda ba ya ma sa rigarka. Sassauci ɗaya ne: sallamar bayan 1 ga Yuni. Da ita sai ka rubuta 15 a bana, 30 baɗi. Doka ta yarda kulob ya yi wa mutum biyu wannan alamar tun watan Maris, sai dai sararin ba ya buɗewa sai 2 ga Yuni, lokacin kuwa kasuwar 'yan wasa ta watse, na kirki duk an kwashe.

Dubi Denver Broncos. Sun karɓo kwatabak Russell Wilson daga Seattle a 2022, suka ƙara masa kwantiragin shekara 5 na kusan miliyan 245 tun bai jefa musu ƙwallo ko ɗaya a gasa ba. Maris 2024 suka sallame shi kafin ma ƙarin ya fara aiki. Mataccen kuɗi miliyan 85: 53 a 2024, 32 a 2025. Ya tafi Pittsburgh a kan mafi ƙarancin albashi, miliyan 1.2, Denver na cika masa ragowar miliyan 39 da ta yi alkawari.

Na Cleveland ya fi muni. Sun karɓo kwatabak Deshaun Watson daga Houston a 2022, miliyan 230 na shekara 5, kowace dala da garanti, ga gurabe uku na zagayen farko a zaɓen sababbin yara daga jami'a da suka miƙa wa Houston ɗin. Dakatarwar wasa 11, sai raunin kafaɗa, sai tsinkewar agara. Wasa 19 ya buga a kaka uku. Ba su iya korarsa ba, don haka kusan duk shekara suka riƙa sake fasali suna tura nauyin gaba, ramin na ƙara zurfi. Kuma akwai dokar da ta tilasta wa mai kulob ajiye kuɗin garantin nan gaba a asusu na musamman, tsaba. Dalili ke nan da masu kulob ba sa son a maimaita irin na Watson.

Don haka ƙanena, in ka ga sabon kwantiragi, bar babban adadin. Nemi abu uku: nawa ne garanti cikakke ranar sa hannu, wace rana garantin shekara mai zuwa ke kullewa (galibi 'yan kwanaki bayan buɗe sabuwar shekarar gasa a Maris), kuma a wace shekara sallama ta fi riƙewa arha. Wani garantin na rauni ne kaɗai, in lafiyarsa ƙalau ana iya sallamarsa ba a biya ba. Shi ya sa za ka ga kulob ya ajiye kwatabak a benci ƙarshen kaka yana lafiya lau, tsoron kada ya ji ciwo kuɗin ya kulle.

Na Fadaman Mada:

Baba, da girmanka, amma ka tsorata mutane da yawa. Tura bashi gaba ba laifi ba ne in an san abin da ake yi, domin iyakar kanta hawa take. 'Yan wasa na da kusan kashi 48 cikin 100 na kuɗin shigar gasar bisa yarjejeniyar 2020 wadda za ta kai 2030, kuɗin talabijin kuma ƙaruwa yake. Miliyan 208.2 a 2022, 224.8 a 2023, 255.4 a 2024, 279.2 a 2025. Miliyan 40 kashi 19 ne a 2022, a 2025 bai kai kashi 15 ba. Bashi ne marar ruwa, wanda nauyinsa ke raguwa da kansa. Philadelphia ta ba Jalen Hurts miliyan 255 a 2023, ta cika kwantiragin da shekarun bogi, ta riƙe sauran taurarinta, ta ɗauki kofin gasar, wato Super Bowl, a Fabrairun 2025.

Inda dabarar ke cizo wuri biyu ne. Ɗaya, in mutumin ya lalace. Biyu, in iyakar ta faɗi, kamar 2021 da korona ta sauko da ita daga 198.2 zuwa 182.5, kulob-kulob suka yi ta korar 'yan wasa masu amfani don su shiga layi.

A ganina babban kuskure jinkiri ne. Kwatabak ɗin da ka tabbatar da shi, ka biya shi da zarar doka ta yarda, wato bayan kakarsa ta uku. Farashi ba ya jira. Kansas City ta ɗaure Patrick Mahomes a 2020 da miliyan 450 na shekara 10, mutane suka riƙe baki, ga shi cikin shekara 4 miliyan 45 a shekara ya zama araha. Washington kuwa ta yi ta ja da Kirk Cousins. Ta ɗaure shi a turken shekara ɗaya, abin da suke kira faranchais tag, a 2016 kan kusan miliyan 20, ta sake a 2017 kan kusan 24, tunda karo na biyu sai an ƙara kashi 20 cikin 100. Na uku ƙarin kashi 44 ne, suka kasa. Ya tafi Minnesota ya karɓi miliyan 84 na shekara 3, duka garanti. Kuɗin turke kuma ba ya rabuwa, gaba ɗayansa a shekara ɗaya ake rubuta shi.

Mai Lissafi:

Gaskiya ne, amma ka manta kuɗin Mahomes ma ya ci mutum. A Maris 2022 sai da suka rabu da Tyreek Hill, babban mai karɓar ƙwallonsu, ya koma Miami, suka karɓi zaɓe 5 suka cike gurbi da yara masu arha. Sun ci kofin a kakar, amma don Mahomes ne. Mai matsakaicin kwatabak ya gwada haka ya sha kashi. Giants ta ba Daniel Jones miliyan 160 na shekara 4 a 2023, ko kaka biyu bai cika ba suka rabu.

Hanyar da ta fi kowace riba ita ce ta sabon yaro. Tun 2011 albashin waɗanda aka zaɓo daga jami'a a ƙayyade yake, shekara 4, na zagayen farko kuma kulob na da damar ƙara ta 5. Brock Purdy shi ne na 262, na ƙarshe a zaɓen 2022. Albashinsa bai kai miliyan ɗaya ba lokacin da ya kai San Francisco wasan ƙarshe a Fabrairun 2024, rarar ta tafi wajen masu tsaro da masu karɓar ƙwallo. Da lokacin biyansa ya zo a 2025, miliyan 265 na shekara 5, sai ga manyan 'yan wasa suna ficewa ɗaya bayan ɗaya. Ita ma Denver abin da ya cece ta ke nan: da miliyan 53 na Wilson a wuyanta ta kai wasannin share fagen kofi a 2024, saboda kwatabak ɗinta Bo Nix sabon yaro ne mai arha.

Ɗan Wunti:

Allah ya ƙara ilimi, yanzu na gane. Saura abu ɗaya: kulob ɗin da bai kashe nasa duka ba, rarar ta ƙone ke nan?

Baban Yelwa:

A'a, ana ɗaukar ta zuwa shekara mai zuwa, sai dai kulob ya sanar da hukumar gasar a ƙarshen kaka. Amma ba a barin mai kulob ya yi ta tarawa: akwai ƙasa kamar yadda akwai sama, dole ya kashe aƙalla kashi 90 cikin 100 na iyakar da tsabar kuɗi idan aka haɗa 'yan shekaru, in ya gaza ya biya cikon ga 'yan wasansa. Sannan kada lissafin bazara ya yaudare ka. Daga Maris har a fara kaka a Satumba, kwantiragi 51 mafi tsada kaɗai ake ƙirgawa. Kulob ɗin da ka ga yana da sararin miliyan 10 a Afrilu, cire kuɗin sababbin yaran da zai zaɓo, cire na 'yan atisaye, cire abin da zai ajiye don maye gurbin masu rauni, ka ga abin da ya rage.