Sarki a sama, firaminista da majalisa, ga kuma jihohi: wa ke da ta cewa?

Ɗalibar Samaru:
Assalamu alaikum malamaina. Ana ce mana Kanada, Ostireliya, Beljiyam da Malesiya duk tarayya ne, firaminista ke mulki, kuma akwai sarki a samansa. Kaina ya ɗaure. In sarki ba ya mulki, mene ne aikinsa? In kuma yana da iko, ina amfanin zaɓe? Ko dai kamar yadda Mai Martaba Sarkin Zazzau yake da gwamna ne?

Malamin Kongo:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ajiye misalin Mai Martaba tukuna, domin bai hau ba. Tsarin mulkinmu na 1999 bai ba sarakuna wani aiki a gwamnati ba. A waɗancan ƙasashe kuwa sarki shi ne shugaban ƙasa a rubuce, da sunansa ake gudanar da mulki, sai dai kusan komai da shawarar ministoci yake yi, kuma shawarar nan ba wadda ake ƙi ba ce.

Jama'a ba sa zaɓen firaminista kai tsaye. Kowace mazaɓa wakilinta take zaɓa. In an gama ƙirga, sarki ko wakilinsa, wato gwamna-janar a Kanada da Ostireliya, sai ya naɗa wanda akasarin majalisar wakilai za su mara wa baya. A Malesiya kujeru 222 ne, mai 112 ya tsira. A Kanada 343 ne yanzu, ana neman 172. Ministoci kuma yawanci daga cikin 'yan majalisa ake ɗaukarsu, suna zaune a zauren ana yi musu tambayoyi ido da ido. Ba kamar namu ba, da minista ke zuwa majalisa sai an gayyace shi.

Abin da ke riƙe da gwamnati shi ne amincewar majalisa, ba wa'adi ba. Ranar da aka kayar da ita a ƙuri'ar yanke ƙauna ko a kan kasafin kuɗi, hanya biyu ce: firaminista ya sauka, ko ya nemi a rusa majalisa a koma zaɓe. A Disamban 1979 gwamnatin Joe Clark ta faɗi a Kanada kan kasafi da ƙuri'a 139 da 133, wata shida kacal da hawanta.

Tarayya kuwa kin santa: tsarin mulki ya raba ayyuka, tsaro da kuɗin ƙasa na tsakiya ne, ilimi a Kanada na larduna ne, in an yi jayayya kotu ta raba. Kowane lardi na da ƙaramar majalisarsa da firimiyansa.

Hajiyar Tudun Wada:
Malam ya yi bayani, amma ya tafi nesa alhali abin a gida yake. 'Yata, Najeriya ta yi wannan tsarin sak daga 1 ga Oktoba 1960 zuwa 1 ga Oktoba 1963. Sarauniya Elizabeth ce shugabar ƙasa, Azikiwe ya zama gwamna-janar a Nuwamban 1960, Tafawa Ɓalewa firaminista. A zaɓen 1959 kujeru 312 ne, 174 na Arewa. Jam'iyyar NPC ta Arewa ta fi kowa amma ba ta kai rabi ba, sai ta haɗa gwamnati da NCNC ta Azikiwe, Awolowo ya zama madugun adawa. A Kaduna Sardauna ne firimiya, ga majalisar wakilai, ga Majalisar Sarakuna. Can ne sarakunanmu suke da kujera a doka.

Inda tsarin ke tsagewa kuma mun gani da idonmu a Jihar Yamma a 1962. Dokar jihar ta ce gwamna na iya sauke firimiya in ya ga ya rasa goyon bayan rinjaye. Ba ta ce ta yaya zai gani ba. 'Yan majalisa 66 suka sa hannu a takarda, gwamna Adesoji Aderemi, Ooni na Ife, ya sauke firimiya Akintola ya naɗa Adegbenro, ba a kaɗa ƙuri'a a zaure ba. Da majalisa ta zauna aka ba hamata iska, gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci. Kotun ƙolin tarayya ta ba Akintola gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta Landan ta juya hukuncin a 1963, sai aka gyara dokar jihar aka mayar da gyaran baya don a kashe hukuncin. A ganina kuskuren na masu rubuta dokar ne. Rinjaye a zaure ake ƙirga shi, kowa ya miƙe a gan shi. Takarda ana iya sa mata hannu da tsoro ko da kwaɗayi.

Malamin Kongo:
Gaskiyarki Hajiya. Ikon da ya rage a hannun sarki barci yake yi, sai lissafi ya rikice yake farkawa. A Ostireliya majalisar dattawa zaɓaɓɓiya ce, kowace jiha cikin shida na da sanatoci 12, kuma tana iya riƙe kuɗin gwamnati. Haka ta yi a 1975. Gough Whitlam na da rinjaye a majalisar wakilai, amma a ranar 11 ga Nuwamba gwamna-janar John Kerr ya sallame shi, ya ba madugun adawa Malcolm Fraser riƙon ƙwarya. Har yau ana gardamar ko ya yi daidai. A nan ake ganin karon tarayya da tsarin firaminista: ɗaya na son majalisar jihohi mai ƙarfi, ɗaya na son gwamnati ta amsa wa majalisa guda.

Baban Sabon Gari:
A ƙara mata da Malesiya, don ita ta fi kusa da tambayarta. Jihohi 13 ne, 9 na da sarakunan gado, su taran nan suke zaɓen ɗayansu ya yi sarautar ƙasa shekara 5. A 2022 ba wanda ya kai 112, sarki ya tuntuɓi jam'iyyu da 'yan'uwansa sarakuna, ya naɗa Anwar Ibrahim, shi kuma ya je majalisa ya nemi ƙuri'ar amincewa a Disamba ya samu. Matakin nan na ƙarshe ne Jihar Yamma ta rasa. In sarkin Malesiya ya ƙi sa wa doka hannu kuwa, tun gyaran 1994 bayan kwana 30 ta zama doka ko bai sa ba.

Beljiyam matsalarta daban ce. Jam'iyyu sun rabu bisa harshe, masu Faransanci da nasu, masu harshen Holan da nasu, don haka sarki kan naɗa mai shiga tsakani, sannan mai haɗa gwamnati. Bayan zaɓen 2010 sai da aka kwana 541 kafin a rantsar da sabuwa. Tsohuwar ta ci gaba da riƙo, gwamnatocin yankuna na ta aikinsu, makarantu ba su rufe ba.